Shekarar da Na Koya wa Firji Kwanci

Na ji yadda kuke ba abokanku labarin tsohon firjin nan da ke zaure, kuma kowannenku da irin tasa. Wani ya ce yayanku Abba ne ya haɗa shi a Kaduna ya aiko. Wata ta ce zaman banza ne ya ishe ni, na shiga wasan yara da tsufana. Duka biyun ba haka ba ne. Tunda ido ya fara rauni, hannu kuma yana rawa idan na riƙe ƙarfen dalma, gara in jera muku abin yadda ya faru, na farko a farko, na ƙarshe a ƙarshe.

Kun san karatuna bai wuce firamare da allo ba. Daga nan na shiga gyaran rediyo, kuma da shi na yi aure, na gina gidan nan, na ciyar da ku. Abin da na riƙe a sana'ar abu ɗaya ne. Idan rediyo ta yi shiru, ba a fara mata daga tsakiya. Daga batir ake farawa, a bi wuta sannu a hankali har zuwa lasifika, kuma ba a taɓa abu biyu a lokaci guda. Yaran da na koya wa aiki da yawa sun gudu saboda wannan doka. Ban bi kowa ba.

Shekarar da nake nufi ita ce wadda noma ya gagare mu a gonarmu ta Gayam. Mutanen daji sun hana shiga, wanda ya shiga kuma iyalinsa ba su da kwanciyar rai sai ya dawo. Ƙanena Idi ya kwaso matarsa Talatu da yaransu suka dawo gidana. A shekarar ce kuma aka ɗauke sabis ɗin waya a garin nan, sai dai ka ba direba saƙo ya kai. Shago ya yi sanyi. Abin da ya riƙe tukunyar gidan nan kajin Innarku ne. Ita kuma 'yan tsakinta daga Kaduna ake kawo mata, motoci kuwa sai sun taru sun jira rakiya a cikin rana. Kafin kwali ya iso, rabi sun mutu, sauran kuma suna layi. Kajin gida ba sa kwanci sai sun ga dama. Na ce to, mu yi wa kanmu injin ƙyanƙyasa. Na samo mataccen firji, na sa masa gulob biyu da 'yar fanka, na haɗa da batirin sola. Zafin kuwa da hannu muke daidaita shi, a duba ma'auni, a kunna, a kashe. Ni da Innarku muka yi ta karɓa-karɓa har mako uku. Ranar da muka fasa ƙwan, wasu sun dahu, wasu sanyi ya kashe su. Ko ɗaya bai fito ba.

A makon ne direba ya kawo saƙon Abba. Ya kama mana ciki da falo a Kaduna, kusa da shi, mu tattara mu taho. Na karanta wa Innarku. Kun san ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Yaron nan bai yi ƙarya ba, Malam," in ji ta.

Na ce, "Ta ƙofar gidan nan aka fitar da gawar uwata da ta ubana. In je in zauna a ɗakin haya ina leƙen titi?"

Ta ce, "Ni ma ba son tafiyar nake ba. Amma bakunan ci sun yi yawa a gidan. In akwai abin da zan zuba a tukunya, ina nan. In babu, ba zan zauna ina kallon yaran Talatu suna lashe kwano ba."

Maganar ke nan, kuma ita ce kan komai. Ko kaji su samu, ko mu tashi.

Tun kafin a ɗauke sabis, Abba ya ba ni tsohuwar laftof ɗinsa, wadda wani maɓallinta ya fita, ina kallon yadda masu gyara na wasu ƙasashe suke aiki. A nan na taɓa ganin wani ɗan allo, bai kai tsawon yatsa biyu ba, mai 'yar ƙwaƙwalwa a tsakiya. Ana rubuta masa umarni a kwamfuta, a tura masa ta igiyar caja, shi kuma ya riƙe, ya yi ta bi ba gajiya ba gyangyaɗi. In ka ce masa zafi ya kai kaza ka kashe gulob, ya sauka ka kunna, haka zai yi. Abin ya daɗe yana ba ni sha'awa, har na kan zana shi a bayan kwali. Yanzu sha'awa ta zama bukata. Na saka laftof a jaka, na bi ayarin motoci zuwa Kaduna. Hanyar ba sai na ba ku labarinta ba. Duk motar ba mai magana sai salati, har muka fita daga dajin.

Abba ya ɗauka ɗakin na zo dubawa. Da na faɗa masa abin da ya kawo ni, sai ya dafe kai.

"Baba, wannan hanyar ka biyo saboda ɗan allo?"

"Saboda shi. Kana da shi ko mu je kasuwa?"

Muka je kasuwa muka sayo allon, da igiyarsa baƙa gajera, da sansa mai jin zafi, da rile, wanda shi dama na san aikinsa, makunni ne da wuta ke taɓawa maimakon yatsa. Da muka dawo ya ja laftof gabansa ya fara danne-danne, hannunsa kamar na mai kiɗa. Kafin in gyara tabarau ya ce an gama.

Na ce, "Goge."

"Na'am?"

"Goge duk abin da ka sa. Ni zan sa, kai kana faɗa. In ya lalace a Birnin Gwari, kai zan kira? Da wace wayar?"

Ya yi tsaki ƙasa-ƙasa, na yi kamar ban ji ba. Ya goge. Muka fara yadda ya kamata. Da farko manhajar da ake rubuta umarni a cikinta. Na sauko da ita da hannuna, na girka, na ga alamarta ta fito a fuskar laftof. Bayan ita sai wani ɗan fayil da suke kira direba, wanda aikinsa ya gabatar da allon ga kwamfuta, don in babu shi ba ta san wa aka jona mata ba. Sannan a cikin manhajar ka zaɓi irin allon da ke hannunka, domin suna da yawa kuma kowanne da halinsa. Sannan ka zaɓi ƙofa, wato ramin da ka jona igiya, wanda sunansa ke fitowa a jeri da zarar kwamfuta ta ga allon. Daga ƙarshe muka ƙara wani fayil da ke koya wa allon karanta sansa. Kowanne sai na maimaita da bakina kafin mu wuce, kuma kowane fayil na sa ya ajiye mini kwafinsa a filas, ɗan ma'ajin nan da ake jona wa kwamfuta. Turancin da ke ciki ya fi ƙarfina, amma na lura kalmomin ba su da yawa, su ne dai suke ta dawowa.

Gwajin farko shi ne ka umarci 'yar fitilar da ke jikin allon ta riƙa ƙiftawa. Na danna kibiya, rubutu ya gudu a ƙasa, sai ga fitila tana kunnuwa tana mutuwa. Na canza lamba ɗaya, na sake turawa, ta ƙara sauri. Ina da shekaru masu yawa ina gyara abin da wasu suka ƙera. Ranar ce na fara faɗa wa ƙarfe abin da zai yi ya yi. Ban nuna wa Abba ba, amma sai da na cire tabarau na goge.

Na ce ya kashe intanet ɗin gaba ɗaya, mu sake yi kamar muna gida. Ya kashe, muka sake, ya yi. Sannan muka rubuta umarnin zafi tare, amma ba mu tura ba, domin lambar da za a sa sai na gwada firjin da kansa.

Da zai raka ni tasha ya ce, "Baba, mu yi magana ɗaya. In wannan abin bai yi ba, za ku taho."

Na ce, "In bai yi ba, za mu taho. In ya yi, ka mayar wa mai gida makullinsa."

Na iso gida lafiya, na ajiye jaka a zaure na tafi masallaci, daga can na zaga gaishe-gaishe. Kafin in dawo daga tafiyar, Innarku ta riga ta bi maƙwabta ta tara ƙwai na masu zakara, a kan za ta biya da 'yan tsaki. Ta jera su a cikin ƙwarya da ƙaiƙayi. Ƙwan ƙyanƙyasa kuwa ba ya jira, in ya wuce mako da 'yan kwanaki ya fara mutuwa.

Washegari da hantsi na shimfiɗa kaya a kan tebur. Na kunna laftof, na buɗe manhaja, na ciro igiya daga jaka na jona. Jar fitilar allon ta kama, 'yar fitilar gwaji ma tana ta ƙiftawa yadda na bar ta. Na je wajen zaɓar ƙofa. Babu komai, wurin ya dushe. Na cire na mayar, babu. Na kashe laftof na kunna, babu. Na ce to direban ne ya ɓaci a hanya. Na goge shi, na sake girkawa daga filas, ya ce ya shiga lafiya, ƙofa dai ba ta fito ba. Na goge manhajar dungum na sake sa ta. Haka na wuni, haka na sake wuni. Innarku takan leƙo da kwanon abinci, ta kalli fuskata, ta kalli ƙwaryar ƙwai, ta koma.

A rana ta uku na sa hula na ce zan je tasha in ji yaushe ayari zai tashi. Ta tsaya a bakin zaure, hannunta da kumfar wanki.

"Ina za ka, Malam?"

"Kaduna. Akwai abin da ya ɓace a cikin kwamfutar. Kwana ɗaya zan yi."

"Ka bi hanyar nan sau ɗaya Allah ya fisshe ka. Ranar ko ruwa ban iya haɗiya ba. In za ka sake hawa motar nan, to ka kama mana kujeru mu duka, mu tafi gaba ɗaya. Ba zan zauna ina jiran mutanen daji su aiko mini da lambar da zan kira in kai kuɗin fansa ba."

Na ce, "Ƙwan fa?"

"Mu soya su. Kai da kake korar yaran mutane don sun fara gyara daga tsakiya, kwana biyu ina kallonka kana tonon cikin kwamfuta. Ka bi ta daga batir mana, in ta ƙi sai mu ɗaure kaya."

Na cire hula na rataye. Na koma tebur na ɗauki abin a matsayin rediyon da wani baƙo ya kawo. Batirin sola, na sa mita, lafiya. Cajar laftof, lafiya. Ramin da nake jonawa, na sa filas, ta gan shi nan take, wato ramin lafiya. Allon kuwa ga shi yana bin umarnin da na ba shi a Kaduna, wato ƙwaƙwalwarsa lafiya. Tsakanin rami da allo abu ɗaya ya rage, wanda na tsallake saboda na ga fitila ta kama. Na ɗaga igiyar na dube ta. Baƙa ce, bakinta daidai, amma sai na ga kamar ta fi wadda na sani tsawo. Na ɗauki reza na tsaga bayanta. Wayoyi biyu ne a ciki, ja da baƙa. Su ne masu kai wuta. Igiyar da ke kai magana tsakanin kwamfuta da allo huɗu take da su. Wannan tana ciyar da allon ne kawai, ba ta kai masa saƙo.

Na tara mutanen gida a tsakar gida na ɗaga igiyar. Na ce wa ya taɓa jakata. Can Talatu ta durƙusa daga nesa, kanta a ƙasa.

"Ni ce, Yaya. Da babansu zai koma Gayam ya gwada kwaso 'yar masarar da ya bari a can, tasa igiyar ta tsinke, ga shi da wayar yake haska hanya. Na ga sabuwa a bakin jakarka, na ara masa. Amma wallahi ban bar wurin haka ba, na mayar da wata. Ta ma fi waccan tsawo."

Raina ya ɓaci, amma me zan ce? Haka muke yi a gidan nan da duk unguwar. Ka ari mudun gero ka mayar da mudun gero, ba wanda zai ce sai ƙwayoyin da ya ba ka. Ƙusa ɗaya ce a zaure, kusa da batir, duk igiyoyin caja a nan ake rataye su, na gida da na maƙwabta, kowa ya ja wadda ta zo hannunsa. Yarinyar ta yi abin da aka koya mata ne. Idi kuwa ba a san ranar dawowarsa ba, sai ya ga hanya ta yi kyau.

Na gwada duk na jikin ƙusar. Kowacce fitila ta kama, ƙofa ba ta fito ba. Duk 'yan tebur ne masu araha. Na je wajen masu sayar da kayan waya, na tarar kaya sun daɗe ba su shigo ba, 'yan ragowar da ke wurinsu ma irin su ne.

Innarku ta ce, "Igiya ce kawai?"

Na ce igiya ce, amma ba kowacce ba.

Ta yafa mayafi, ta ɗauki farantin silba, ta ce wa Talatu ta biyo ta. Suka shiga gida-gida. Kafin la'asar suka dawo da faranti cike, igiyoyi sun cakuɗe kamar taliya, farare da baƙaƙe da masu ɗaurin leda. Kowacce Innarku ta ɗaura mata ƙyalle ko zare don a gane mai ita. Bayansu kuma ga mata sun biyo, sun cika soro, wai sun zo ganin kwamfutar da za ta yi kwanci. Na ce kowa ya ja baya, ba mai taɓa tebur. Na ware igiyoyin, na jera su hagu, wadda na gwada in mayar dama. Ina jonawa, ina duba wajen ƙofa, ina cirewa. Hagu tana raguwa, dama tana cika, surutun matan yana ƙaruwa.

Goggo Ladi, tsohuwar nan ta bayan masallaci wadda ta yi goyon Innarku, tana zaune a kan turmi. Ta ce, "Kai mai rediyo, in ka gaji ka hau kan ƙwan da kanka mana. Rigarka ai ta isa ta rufe su."

Aka kwashe da dariya. Na ɗauko wata fara mai kauri da aka ɗaura wa jan zare. Ina jonawa laftof ta yi wani ɗan ƙara, ƙilin. Na duba, ga sunan ƙofa ya fito.

Na ce, "Ta wace ce mai jan zare?"

"Tawa ce," in ji Goggo Ladi. "Jikana ya aiko da ita tare da wayata a kwalinta. Ban taɓa bari an rataye ta a ƙusar kowa ba, a ƙarƙashin filo take kwana. To, ta yi?"

"Ta yi, Goggo."

"To ladana budurwar kaza biyu, ba zakara ba. Kuma ni zan zaɓa."

Na ce na yarda. A gabansu na zaɓi allo, na zaɓi ƙofa, na tura umarnin zafi. Na haɗa sansa da rile, na rufe firjin ba ƙwai, na zauna ina kallon lambobi suna hawa a fuskar laftof. Da suka kai inda na ce, rile ya yi ƙas, gulob ya mutu. Suka sauka kaɗan, ya yi ƙas, ya kama. Talatu ta yi guɗa, na harare ta, ta rufe baki. Na bar shi yana yi har washegari, ina gwada shi da ma'aunin zafi na asibiti, na gyara lambar sau biyu. Sannan na sa kwanon ruwa a ƙasa saboda laima, Innarku ta yi bisimilla ta jera ƙwan da hannunta. Juya su safe da rana da yamma aikinta ne, ta yi wa kowanne alama da gawayi. Igiyar Goggo na wanke hannu na mayar mata da kaina, domin allon ya riga ya riƙe umarninsa.

Da mako uku suka cika, ina alwalar azahar na ji Innarku tana kira, "Malam! Malam!" da wata murya da ban ji ta yi ba tun tana amarya. Na zo na kara kunne a jikin firjin. Ana ciu-ciu a ciki. Ba duka suka fito ba, waɗanda suka daɗe a ƙwarya sun mutu. Amma fiye da rabi sun fito, kuma ba wanda ya sha ranar hanya. Ta biya maƙwabta, Goggo ta zo ta zaɓi nata tana ɗaga fikafikansu ɗaya-ɗaya, muka zuba zubi na biyu. Kafin damina ta tsaya, mata daga ƙauyen Saminaka na nan kusa suna aiko da ƙwai a ƙyanƙyashe musu. Idi ya dawo lafiya da buhunan da ya iya kwasowa, da igiyata a aljihu, ya ce ai tana caji da sauri.

Abin yana da tsadarsa, kuma ina so ku sani. Na aika wa Abba ya mayar da makulli. Bai amsa ba. Direba ya ce Abba ya karanta, ya ninke, ya sa a aljihu, ya juya. Watanni ba gaisuwa ba saƙo. Shi a ganinsa na zaɓi firji a kan ran uwarsa, kuma ban ce tsoronsa ba shi da tushe ba, domin a watannin an yi kwanakin da ni kaina na tambayi kaina. Ƙaramar Sallah ta wuce bai zo ba.

Sai bayan an dawo da sabis, hanya ta ɗan yi sauƙi, wata Juma'a muka ji sallama a zaure. Ya gaishe ni a durƙushe, na amsa, ba wanda ya ɗauko maganar. Ya tsaya gaban firjin yana sauraron rile. Sannan ya buɗe laftof ya karanta umarnin.

"Wa ya ƙara waɗannan layukan na ƙasa?"

"Ni. In zafi ya wuce gona da iri, lasifikar rediyo ta yi ƙara."

"Baba, ba haka ake rubuta shi ba."

"Yana yi ko ba ya yi?"

Ya riƙe sansa a tafin hannunsa ya hura mata iska mai ɗumi, ya kai ta kusa da gulob. Lasifika ta tsala ihu, kaji suka watse a tsakar gida. Ya yi dariya har ya zauna a ƙasa. Innarku ta fito da gudu da ludayi a hannu, ta gan shi, ta tsaya, ta kau da kai kamar ba ta ga kowa ba.

Ya ce, "Inna, ɗakina yana nan?"

Ta ce wa bango, "Talatu ta zuba masara a ciki."

Ya ce, "A kwashe. Ƙarshen wata zan kawo yara su kwana biyu."